Tukunya Cikin Tukunya: Yadda Muke Tankaɗe Gadon Iyayenmu Mata

 

Da yawun 'yan'uwanmu muke magana yau, wato matasan iyaye na Zumuntar Mata a wata majami'a da ke cikin garin Dutse. Hausawa ne mu, Kirista ne mu, 'yan Jigawa gaba da baya. Wasu kan yi mamaki in sun ji haka, alhali tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da shi kuma muke sujada har gobe. Tuwon da kuke ci shi muke ci, kasuwar Shuwarin tare muke cin ta, layi ɗaya muke bi ranar awo. Don haka abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mun tabbata ya taɓa gidajen da yawa daga cikinku.

Uwa matashiya a yau murya uku take ji a kan ɗa ɗaya. Akwai muryar tsofaffi: uwa, uwar miji, gwaggo da ungozoma. Akwai ta asibiti: malamar awo da katin rigakafi. Ta uku kuma tana tafin hannu, wato waya. Kowacce da tabbaci take magana, kuma sau da yawa sai su saɓa wa juna. Jariri kuwa ba allo ba ne da za a wanke a sake rubutu. Ga tsadar rayuwa ta ƙara matse mu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, madarar gwangwani da famfas suka fi ƙarfin albashin yawancin mazajenmu. Ko muna so ko ba ma so, dole muka waiwayi abin da iyayenmu suka rene mu da shi.

Wanda duk ya leƙa Facebook ko Instagram zai tarar da matan Amurka da Ingila, da yawansu masu zuwa coci irinmu, suna alfaharin sun koma rayuwa ta asali. Sun bar abincin gwangwani, suna shuka ganye a bayan gida, suna goyo da zane, suna wanke nafkin. Mukan kalla mu yi murmushi. Garin zogalen da suke saya da tsada cikin 'yar kwalba, shi ne iyayenmu ke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. 'Ya'yan kuka, da sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garinsu a matsayin abinci, muna yara muke tsotsarsu a gindin bishiya. Sai dai a cikin irin waɗannan shafuka akwai masu hana 'ya'yansu rigakafi da sunan komawa asali. A 2025 ƙyanda ta ɓarke a jihar Teksas ta Amurka, ta kashe yara biyu da ba a yi wa allura ba. Ashe a ce abu na asali ne ko na gargajiya bai isa shaida ba. Kunama ma ta asali ce.

Wanda ya ba mu ma'auni malami ne da ya yi aiki a garin nan. Marigayi Muhammad Bah Abba ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, inda wasunmu muka yi difloma, kuma daga gidan magina tukwane ya fito. A shekarun 1990 ya lura da yadda kayan lambu ke ruɓewa a ƙauyuka saboda babu wuta babu firji, har ana tura 'yan mata talla tun da sassafe don a rabu da kaya kafin su lalace, makaranta kuwa sai dai su hango ta daga nesa. Sai ya ɗauki abin da kowace tsohuwa ta sani, cewa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, ya bi diddigin dalili. Jikin tukunyar ƙasa na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta nan, iska na busar da shi, bushewar kuma ita ke tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da kan yanƙwane cikin kwana 3 sai ga shi ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suna yin mako uku. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina tukwane 5,000 na farko aka raba a ƙauyukan Jigawa. A 2000 aka ba shi kyautar Rolex, a 2001 mujallar Time ta sa tukunyarsa cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara.

Malamin nan bai raina tukunyar kakarsa ba, bai kuma karɓe ta ido rufe ba. Ya tambayi dalilinta, ya gwada, ya ga sakamako. Ita kanta tukunyar tana da iyaka: a bazara da hunturu take aiki sosai, in damina ta sauka iska ta jiƙe sai sanyinta ya ragu. Haka muka ɗauki kowace al'ada ta reno. Mukan tambaya me ya sa ake yin ta, yaya yaran da aka yi wa suka ƙare, me kuma masu ilimin lafiya suka ce a kanta. Wadda ta tsallake mu riƙe, wadda ta faɗi mu ajiye ba tare da zagin wanda ya gadar mana ba.

Na farko da muka riƙe gam shi ne nono. A Littafinmu, Hannatu ba ta kai Sama'ila gidan Ubangiji ba sai da ta yaye shi, kuma Allah ya shirya yadda Musa ya dawo hannun mahaifiyarsa ta shayar da shi a ƙarƙashin inuwar gidan Fir'auna. Maƙwabtanmu Musulmi sun san labarin uwar Annabi Musa, sun kuma san shekara biyun shayarwa daga Alƙur'ani. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma cewa ta yi a sa jariri a mama cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla wata 6, a ci gaba tare da abinci har shekara 2. Duk da wannan haɗuwar baki, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. Binciken ya kuma nuna fiye da rabin yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Wannan a jihar da ke noma gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da shinkafa. Talauci na da babban kaso a ciki, ba mu musa ba. Amma mun ga gidajen da ake sayar da ƙwai da wake a sayo biskit da lemon kwalba. Mun kuma ga yadda madarar gwangwani ke cutarwa in kuɗi sun yi ƙaranci: a tsarma ta da ruwa don ta daɗe, a zuba a bulumbotin da ba a tafasa ba, sai gudawa ta biyo baya. Uwar da rashin lafiya ya hana ta shayarwa ba abar zargi ba ce, taimako take buƙata. Wadda kuma Allah ya hore wa nono, babu gwangwanin da ya kai shi.

In yaro ya cika wata 6, madafinmu ya wadatar. Muna haɗa garin kunu da ake kira Tom Brown: mudu 6 na gero ko dawa, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa, a soya kowanne dabam, a cire ƙaiƙayi, a kai inji. In za a dama sai a barbaɗa garin zogalen da aka shanya a inuwa, a sa dabino a madadin sukari. Dabino kuwa ba baƙo ba ne a garin da cibiyar NIFOR ta kafa tasharta ta binciken dabino. A miya mun dawo da daddawar kalwa, domin tana gina jiki, alhali dunƙule yawancinsa gishiri ne. Kuka, kuɓewa, rama, yakuwa da tafasa duk suna nan. Maganar da ake yi cewa yaron da aka ba ƙwai zai tashi ɓarawo kuwa, mun auna ta ba ta tsallake ba. 'Ya'yanmu na cin ƙwai duk ranar da kaza ta yi, rashin tarbiyya muke tsoro.

Goyo ma mun riƙe. A 1978 likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, da suka rasa isassun kwalaben renon bakwaini, sai suka riƙa ɗaure jariri a ƙirjin uwarsa, fata na taɓa fata. Yau asibitocin duniya na koyar da wannan dabara. Zane da majanyi da ɗumin jikin uwa, abin da kakanninmu suka daɗe da sani ke nan, sai dai shi bakwaini a gaba ake ɗaure shi.

Sai abubuwan da muka ajiye, kuma nan ne wahalar take. Na farko zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya. An gaya wa iyayenmu cewa ƙazanta ne, a matse a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwa har nono ya yi fari. Ashe shi ne rigakafin farko da Mahalicci ya tanadar wa jariri, cike da garkuwar da jikin uwa ya tara. Na biyu ba jariri ruwa. In watan Afrilu ya kama, zafin Dutse ya haura digiri 40, sai tausayi ya sa a ce yaron nan ƙishirwa zai ji. Amma kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne. Ruwan da aka ɗura kuwa yana cika ɗan cikin da nono ya kamata ya shiga, in ba mai tsabta ba ne kuma ya kawo gudawa. Uwa ce za ta yawaita sha, ta yawaita ba shi mama. Na uku shafa toka ko man goge baki a cibiya. Ta nan ƙwayar cutar sarƙe-haƙora ke shiga, kuma akwai man cibiya mai suna kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti. Na huɗu cire beli. Wanzami mutumin kirki ne, amma belin jariri ba cuta ba ne, yanke shi kuma kan jawo zubar jini.

Wankan jego mun raba shi biyu. Kwana arba'in ɗin da ake hutar da mai jego, a dafa mata, a ɗauke mata aiki, a zauna da ita kada kaɗaici ya kama ta, wannan gata ne da matan ƙasashe masu arziki da yawa ba su samu ba. Muna riƙe da shi, da ruwan ɗumi, da farfesu, da kunun gyaɗa. Amma tafasasshen ruwan da ke saluɓe fata, da kunun kanwa mai yawa, mun bari. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafi. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, har da talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ma dai yaya ne, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana tayar da hawan jini. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune, asibiti za a kai ta a ranar.

Haka nan kunyar cikin fari da ke sa yarinya ta ɓoye naƙuda. Duk wadda ta taɓa zuwa dubiya babban asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar MSF ke kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari tun 2008, ta ga abin da doguwar naƙuda ke yi. Kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, ya huje, yarinya ta koma gida ba ɗa ba lafiya. Kunya ado ce a gaban surukai, amma a ɗakin naƙuda tana iya cin rai biyu.

To, yaya matar ɗa za ta ce wa uwar mijinta a'a? Wata 'yar'uwarmu ta haihu a bazara, uwar mijinta ta taso daga ƙauye da ƙullin kanwa, ta kuma nemi cokali za ta ba jikanta ruwa. Yarinyar ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ke kika reni babansa har ya zama mutum, ni me na sani? Sai dai malamar asibiti ta ce a bari sai ya yi wata shida. Ki taimake ni ki raka ni rigakafi jibi, ki ji da kunnenki, in kin dawo yadda kika ce haka za a yi." Tsohuwa ta ce, "Ke 'yar nan, mu da muka sha ruwan mun mutu ne?" Amma ta je. Malamar ta zaunar da ita, ta tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu. Ta yi shiru, ta ƙirga, tara ta haifa, biyar ne a raye. A hanyar dawowa ba ta ce komai ba. Da maƙwabciya ta shigo barka ta ce a ba yaro ruwa, Inna ce da kanta ta ce, "A'a, na wannan gidan sai ya yi wata shida." Daga nan muka ɗauki hanya: ba ma jayayya da tsofaffi, jawo su muke yi cikin shawara. In abin ya gagara, mu kai wa Uwar Zumunta, ita ta san yadda za ta yi magana da sa'arta. Su ma ba mugunta suke yi ba, abin da suka iske suke yi, kuma sun binne 'ya'yan da mu ba ma so mu binne.

A cikin ikilisiya ma akwai namu gwajin. Wani lokaci za ka ji an ce mai bangaskiya ba ya buƙatar magani, addu'a da man shafawa sun isa. Mu dai mun karanta cewa Luka, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin Bisharu huɗu, likita ne. Mun karanta yadda Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai kafin yunwa ta zo, ba a kuma kira hakan rashin dogara ga Allah ba. In yaro ya yi zazzaɓi mukan ɗora masa hannu mu yi addu'a, sannan mu goya shi zuwa gwajin jini. In gudawa ce, kafin a isa asibiti mukan haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kowanne a shafe. In masu rabon maganin zazzaɓin cizon sauro sun ƙwanƙwasa ƙofa da damina, mukan buɗe. Katin rigakafi a cikin Littafi Mai Tsarki wasunmu ke adana shi don kada ya ɓata. Mun tashi muna ganin guragun da shan inna ya nakasa, kuma muna da wayonmu a watan Agustan 2020 aka bayyana cewa an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka. Ɗigon da aka riƙa ɗiga wa yara gida-gida ne Allah ya yi amfani da shi.

Akwai kuma maganar da masu hotunan intanet ba sa faɗa. Rayuwa ta asali a gadon bayan mace take hawa. Surfe, daka, ɗiban ruwa, wankin nafkin, hura wuta, duk ita ce. Maza na son a karanta sura ta 31 ta Littafin Karin Magana a kan mace tagari, amma matar da aka kwatanta a can tana sayen gona, tana kasuwanci, tana da masu taimaka mata, mijinta kuma yana yaba mata a fili. Saboda haka ba ma jin kunyar kai niƙa inji. Hayaƙin itace na asali ne, amma yana cin ƙirjin uwa da na ɗan da ke bayanta, don haka wadda ta samu halin gas ko murhu mai rage hayaƙi ta yi amfani da shi. Nafkin da rana, famfas in za a yi tafiya. Garin kunu kuwa gayya muke yi masa, sau ɗaya a wata mu haɗu kowa da mudunta, mu soya tare mu raba. Mazajen da suka fara ɗebo ruwa da riƙe yaro an yi musu dariya da farko, yanzu 'ya'yansu sun fi sabawa da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da daddare kuma akwai wani gadon da muke ƙoƙarin cetowa daga hannun waya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Abu ne mai sauƙi a miƙa wa mai kuka waya ya yi shiru, amma harshe a bakin uwa ake koyonsa. In an ci tuwo mukan shimfiɗa tabarma, a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a yi kacici-kacici, a ba da labarin Dauda da Goliyat, a rufe da addu'a. Yaran maƙwabta kan zo sauraron tatsuniya, namu ma sukan je nasu gidajen, kuma uwar da ta ga ɗan wata yana ɓarna takan tsawatar ba tare da tambayar addininsa ba. Ɗa na kowa ne, a unguwarmu har yanzu haka yake.

'Yan'uwa marubuta, ga roƙonmu. A yawancin littattafanmu, in jaruma ta haihu layi biyu ake ba jegonta, sai a tsallaka zuwa kayan suna da akwatuna. Alhali a cikin kwana arba'in ɗin nan akwai tsoro, akwai ƙauna, akwai ja-in-ja tsakanin mata biyu da ke son yaro ɗaya, kowacce da irin saninta. Tsofaffin da suka san yadda ake dafa kalwa, da ganyen da ake ci a kowane wata, da waƙoƙin lallashin yaro, kullum raguwa suke yi. Ku je ku zauna da su, ku tambaya, ku rubuta da sunayen abubuwan kamar yadda suke faɗa. Sannan ku kai abin da kuka ji wurin ma'aikacin lafiya ku tantance kafin ku sa a bakin jarumarku, domin akwai amaryar da ba za ta taɓa karanta takardar asibiti ba amma za ta karanta littafinku, ta kuma yi abin da ta gani a ciki.

Muna jiran gyararku da ƙarin bayaninku, musamman iyayenmu mata da ke cikin wannan zaure. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu nema, ya sauki masu ciki lafiya, ya zaunar da Jigawa da ƙasarmu lafiya. Amin.